Ɗan Tsere Ɗan Aike Ne: Waiwaye a Kan Gudun Yada Ƙanin Wani na Meziko, 1968

Gabatarwa

Bahaushe bai yi wa tseren dogon zango kara ba da ya tashi raɗa masa suna. Ya kira shi gudun yada ƙanin wani, wato gudun da ƙarfafa kan yi gaba su watsar da mai ƙaramin ƙarfi a hanya, tun da ba ƙaninsu ba ne. Waɗansu kuma suna cewa gudun famfalaki. A cikin sunan farkon nan akwai hukunci a ɓoye: wanda ya yi gaba shi ne mutum, wanda aka bari a baya kuwa abin yarwa ne. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a auna wannan hukunci da mudun tarihi, a ga ko zai cika. Za mu ɗauki tsere guda ɗaya, wanda aka yi a birnin Meziko ran 20 ga Oktoba, 1968, a lokacin wasannin Olamfik, mu bi sawun mutum huɗu daga cikin waɗanda suka shiga, da kuma mutum ɗaya wanda ya kamata a ce yana wurin amma babu shi. Sai dai ba za a gane abin da ya faru ran nan ba sai an koma baya kaɗan.

Asalin abin

Maraton, sunan da duniya ta san wannan tsere da shi, sunan wani fili ne a bakin teku, arewa maso gabas da Atina, babban birnin ƙasar Girka. A nan ne mutanen Atina suka kori rundunar Farisa a shekara ta 490 kafin Miladiyya. Masanin tarihin nan Herodotus, wanda ya yi rubutu ba da daɗewa ba bayan yaƙin, ya ba da labarin wani ɗan aike mai suna Fidifidis, wanda aka tura tun kafin a gwabza zuwa birnin Sparta neman gudummawa. Tafiyar ta kai kilomita 240, kamar a ce daga Kano zuwa Kaduna, ya kuwa isa washegari da ƙafa. Shi kuwa labarin da aka fi yayatawa, na wanda ya sheƙo daga fagen fama zuwa Atina ya yi albishirin an ci yaƙi, nan take ya faɗi matacce, bai bayyana a rubuce ba sai bayan fiye da shekara 500, a wajen su Plutarch da Lucian, kuma ko sunan mutumin ba su daidaita a kai ba.

Ko wanne mai karatu ya ɗauka cikin labaran biyu, abu guda ya tabbata. Mutumin nan ba tsere yake yi ba. Ba shi da abokin takara, ba wanda ya riƙe masa agogo, kuma nasarar da ya ɗauko ba tasa ba ce, ta mayaƙan da ya baro a fili ce. Nasa aikin kawai ya isar da saƙo. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don za mu yi ta cin karo da shi har ƙarshen bayaninmu.

Da aka tashi farfaɗo da wasannin Olamfik a 1896, wani malamin ilimin harsuna Bafaranshe, Michel Bréal, shi ya ba Baron de Coubertin shawarar a sa tsere daga Maraton zuwa Atina. ('Yan sashen harsuna sai su yi alfahari: wannan malami ne ya raɗa wa ilimin ma'ana sunan da ake kiransa da shi a harsunan Turai.) Aka yi tseren ran 10 ga Afrilu, tsawonsa wajen kilomita 40. Wani talaka mai sana'ar kai ruwa birni, Spyridon Louis, ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 58 da sakan 50. Kafin nan Girkawa ba su ci ko tsere ɗaya ba a gidansu, baƙi sun kwashe. Da ya shigo filin wasa, 'ya'yan sarki biyu suka sauko suka raka shi da gudu. Louis ya koma ƙauyensu, bai sake shiga tsere ba. Girka ce ke bukatar nasarar, ya kawo mata, aikinsa ya ƙare.

Tsawon da aka sani yanzu, kilomita 42 da mita 195, kusan tafiyar Kano zuwa Wudil, ya samo asali ne daga wasannin Landan na 1908, aka tabbatar da shi a 1921. A wannan tsere na Landan ne aka fara rabuwa a kan ma'anar nasara. Wani ɗan Italiya, Dorando Pietri, ya riga kowa shiga fili, amma a galabaice. Ya nufi inda ba nan ba, aka juyo da shi, ya yi ta faɗuwa ana tayar da shi, har alƙalai suka tallafa masa ya ƙetare layi. Amurkawa suka kai ƙara, aka ƙwace aka ba Johnny Hayes wanda ya biyo shi. Hukuncin daidai ne, don doka ba ta yarda a taimaki ɗan tsere ba. Amma Sarauniya Alexandra ta ba Pietri kofi na musamman, kuma shi duniya ta riƙe, Hayes kuwa sai masu bincike. A cikin wannan wata ne Coubertin ya ari maganar wani limamin kirista ya gyara ta, cewa shiga wasa ya fi cinsa muhimmanci. Magana ce mai daɗin faɗa a bakin mai shirya wasa. Gwamnatocin da ke biyan kuɗin jirgi ba su taɓa yarda da ita ba.

Saƙon da aka kai Roma

Kafin 1960 'yan Afirka sun ci wannan tsere, amma da sunan wasu. Boughera El Ouafi, ɗan Aljeriya, ya ci a Amsterdam a 1928, aka ɗaga tutar Faransa. Alain Mimoun, shi ma haifaffen Aljeriya, ya ci a Melbourne a 1956, aka sake ɗaga tutar Faransa. El Ouafi ya ƙare cikin talauci, an manta da shi, aka harbe shi a wata unguwa ta wajen Paris a watan Oktoba na 1959.

Wata goma sha ɗaya bayan haka, ran 10 ga Satumba, 1960, aka yi tseren Roma. Cikin waɗanda suka jeru akwai wani siririn soja ɗan shekara 28 daga rundunar dogaran Sarkin Habasha Haile Selassie, sunansa Abebe Bikila. Ba wanda ya san shi in ban da mai horar da shi, Onni Niskanen, mutumin Suwidin. Takalman da ya samu a Roma sun yi masa kanta, saboda haka ya ajiye su ya fito ƙafa ba takalmi.

A nan dole mu tsaya mu dubi hanyar da aka shata. A watan Oktoba na 1935, Abebe yana ɗan shekara uku, sojojin Mussolini suka afka wa Habasha, suka yi amfani har da iskar guba, suka shiga Addis Ababa a watan Mayu na 1936. A 1937 suka kwashe wani dogon dutse sassaƙaƙƙe na tsohuwar daular Aksum, mai tsawon mita 24, suka kafa shi a Roma gaban ma'aikatar kula da ƙasashen da suka mallaka a Afirka, don kowa ya ga ganima. An kori Italiya daga Habasha a 1941, amma dutsen yana nan inda aka kafa shi. To, hanyar tseren 1960 ta bi ta gindin wannan dutse har sau biyu, da fita da dawowa.

An tashi da la'asar sakaliya saboda zafi, dare ya riske su a kan tsohuwar hanyar Rumawa da ake kira Appia, sojojin Italiya sun jeru riƙe da sanduna masu ci da wuta suna haska hanya. Mutum biyu suka yi wa saura fintinkau, Abebe da Rhadi ben Abdesselam na Maroko, suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sai da suka zo kusa da ƙarshe, a wajejen dutsen nan na Aksum, Abebe ya ƙara mai. Ya isa ƙofar tarihi ta Sarki Kustantin cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16, ya ba Rhadi ratar sakan 25, ya kuma karya bajintar duniya da abin da bai kai sakan ɗaya ba. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci lambar zinariya a Olamfik a ƙarƙashin tutar ƙasarsa. Mako uku bayan haka Nijeriya ta sami mulkin kai. Nijar ta riga ta samu tun 3 ga Agusta. A shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka sauke tutar Turawa, ba sai an yi wa kowa fassarar abin da ake nufi da sojan Habasha ya bi titin Roma ba takalmi ya bar Turawa a baya ba.

Aka yi masa kofur. Wata uku bayan haka shugabannin rundunarsu suka yi yunƙurin juyin mulki, abin ya ci tura, aka tsare Abebe na ɗan lokaci duk da ba ya ciki, sa'an nan aka sake shi. Ashe ko lambar zinariya ba ta hana a tambayi kurtu inda yake ranar da aka yi harbi.

Tokyo, da wanda ya zo na uku

A 1964 Abebe ya sake ci a Tokyo, ran 21 ga Oktoba, wannan karo da takalmi. Mako biyar kafin nan aka yi masa aiki a ciki aka cire masa afendis. Ya gama cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11, sabuwar bajintar duniya, ya ba na biyu ratar fiye da minti 4, sa'an nan ya koma kan ciyawa yana motsa jiki kamar wanda bai yi komai ba. Ba wanda ya taɓa cin wannan tsere sau biyu a Olamfik kafinsa. Aka yi masa laftanan.

Amma ba Abebe ne ya kawo mu Tokyo ba. Wanda ya shigo fili a bayansa wani sojan Japan ne ɗan shekara 24, Kokichi Tsuburaya. Wannan ne karo na farko da aka kai Olamfik nahiyar Asiya, shekara 19 kacal bayan Japan ta sha kashi a yaƙin duniya na biyu, kuma har ran nan, wadda ita ce ranar ƙarshe ta guje-guje da tsalle-tsalle, ba ta sami lamba ko ɗaya ba a wannan fanni. Fili ya ɗauki sowa. Sai ga Basil Heatley na Ingila ya biyo shi, ya wuce shi a gaban jama'arsa saura ƙiris, da ratar da ba ta kai sakan 4 ba. Tsuburaya ya zo na uku.

Mai karatu ya duba da kyau. Mutumin nan shi ne na uku a duniya ran nan, shi ya fitar da ƙasarsa kunya, bai kuma taɓa gudu da sauri kamar na ranar ba. Ta kowace fuska bajinta ya yi. Amma shi abin da ya gani shi ne an wuce shi a gaban mutanen da suka aiko shi, ya ɗauki alwashin sai ya gyara a Meziko. Ya shiga horo mai tsanani, ciwon baya ya kama shi, jijiyar dunduniya ta lalace, aka yi masa aiki a 1967, gudun bai dawo ba. Ran 9 ga Janairu, 1968, saura wata tara a tafi Meziko, ya kashe kansa yana da shekara 27. Ya bar wasiƙa yana yi wa iyayensa da 'yan'uwansa godiya ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ya gaji, ba zai iya ƙara gudu ba. Wannan shi ne mutumin da muka ce ya kamata yana Meziko amma babu shi. Duk wanda zai yi wa matasa huɗubar kishin ƙasa a fagen wasa, ya kamata a fara karanta masa tarihin Tsuburaya. Kaya in ya fi ƙarfin ɗan aike, laifin na mai aike ne.

Ran 20 ga Oktoba, 1968

Birnin Meziko yana bisa tudu mai tsawon mita 2,240 daga teku. Jos da muke ganin ta yi sama ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba. A irin wannan wuri iskar da huhu ke samu a kowane numfashi takan ragu, saboda haka mai gudun dogon zango yakan gaji tun bai je ko'ina ba, sai fa wanda ya tashi a tudu kamar mutanen Habasha da Kenya. Mutum 75 daga ƙasashe 41 suka tashi daga dandalin tsakiyar birni da ƙarfe uku na rana, rana na dukan ka. Mutum 57 suka kai, 18 suka tsaya a hanya.

Cikin waɗanda suka tsaya har da Abebe Bikila. Ya zo neman na uku a jere, amma siririn ƙashin ƙwaurinsa ya riga ya tsage tun wajen horo. Ya daure har wajen kilomita 17, sa'an nan ya fita gefe. Wannan ne tserensa na ƙarshe.

Wanda ya ci shi ne abokin aikinsa a rundunar dogarai, Mamo Wolde, ɗan shekara 36. Mamo ya daɗe a inuwar Abebe. Ya je Melbourne tun 1956 yana gudun mita 800 da 1,500, bai yi abin kirki ba. A Tokyo ya zo na huɗu a mita 10,000, wurin da ya fi kowane ciwo, don yana kallon masu lamba amma ba ya ciki, a dogon tseren kuma ya kasa gamawa. Mako guda kafin wannan rana Naftali Temu na Kenya ya tsere masa da taku kaɗan a mita 10,000, ya tashi da azurfa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: shekara 12 yana bi kafin ya kama. Ya gama cikin awa 2 da minti 20 da sakan 26, Habasha ta ci sau uku a jere. Na biyu, da ratar minti 3, shi ne Kenji Kimihara na Japan, abokin Tsuburaya, wanda ya zo na takwas a Tokyo. Lambar azurfar da aka ƙwace wa abokinsa a gida, ita ya ɗauko a Meziko.

Aka gama shagali, mutane suka fara watsewa, duhu ya fara shiga. Fiye da awa guda bayan shigowar Mamo, sai aka ji jiniyar baburan 'yan sanda a ƙofar fili. Wani mutum ya shigo yana ɗingishi, ƙafarsa ta dama naɗe da bandeji, bakin ƙyallen yana reto. John Stephen Akhwari ke nan, mutumin Mbulu ta ƙasar Tanzaniya, ƙasar da a lokacin shekararta huɗu kacal da haɗewar Tanganyika da Zanzibar. Jijiyoyin ƙafarsa sun ɗaure tun da wuri, sa'an nan a wajen kilomita 19 ya faɗi cikin turereniya, ya ji mummunan rauni a gwiwa, ya bugu a kafaɗa. Aka ɗaure masa, ya tashi ya ci gaba, ya yi tafiya ya yi sassarfa, fiye da rabin hanya a haka. 'Yan tsirarun da suka rage a fili suka miƙe suna tafi har ya ƙetare layi. Awa 3 da minti 25 da sakan 27, na 57 cikin 57. Da aka tambaye shi abin da ya hana shi tsayawa, amsar da ya bayar ita ce ƙasarsa ba ta turo shi wannan uwa duniya don ya fara tsere ba, ta turo shi ne ya gama.

Harshenmu yana da kalmomi biyu da za su taimake mu a nan. Muna cewa wane ya ci tsere, kamar yadda muke cewa ya ci yaƙi ko ya ci gari, kuma ba a ci sai da wanda aka cinye. Muna kuma cewa wane ya kai gaci, wato ya haye kogi ya taka tudu, wannan kuwa tsakaninsa da ruwa ne, ba ruwansa da wanda ya riga shi hayewa. Ran nan mutum ɗaya ya ci, mutum 57 suka kai gaci. Matsalar ita ce dukansu biyu muna kiransu nasara, sai mu riƙa musu alhali ba abu ɗaya muke nufi ba.

Labarin Akhwari ya zagaya duniya ne ta hanyar finafinan wani Ba'amurke mai ɗaukar tarihin Olamfik, Bud Greenspan, daga nan ya faɗa hannun masu jawabin ranar raba kyaututtuka, suka mai da shi maganin lallashin wanda ya zo na kashin baya. Ina ganin sun rage masa daraja ta hanya biyu. Ta farko, Akhwari ba rago ba ne da ya zo cika lissafi. Gwani ne wanda tsautsayi ya faɗa wa, shaida kuwa ita ce shekara biyu bayan haka, a wasannin ƙasashen Kwamanwel na Edinbara a 1970, ya zo na biyar cikin awa 2 da minti 15 da sakan 5, wato ya fi saurin da Abebe ya yi a Roma. Na ƙarshen da ya yi horo irin na na ɗaya daban yake da na ƙarshen da ya kwana yana barci. Ta biyu, masu ba da labarin sukan nuna shi a matsayin mutumin da ya yi yaƙi da zuciyarsa don biyan bukatar kansa. Shi bai faɗi haka ba. Bai yi zancen kansa ba sam, zancen waɗanda suka turo shi ya yi. Amana ya ɗauko, kamar mutumin Herodotus.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya tsaya matsoraci ne. In haka ne, to Abebe Bikila matsoraci ne, wanda kuwa ya faɗi haka sai a duba lafiyarsa. Gudu a kan tsagaggen ƙashi ba jaruntaka ba ce. A Stockholm a 1912 wani ɗan Fotugal, Francisco Lázaro, ya ƙi tsayawa cikin zafin rana har ya faɗi a wajen kilomita 30, washegari ya cika. Da Akhwari ya bi shawarar masu magani ya hau mota, ba wanda zai zarge shi, kuma da yau ba mu san sunansa ba. Wannan ya nuna wani abu game da mu 'yan kallo wanda ba lalle ne ya zama abin yabo ba.

Bayan tafi ya lafa

Abebe ya koma gida aka yi masa kyaftin, ko da yake bai gama ba. Wata biyar bayan haka, a daren 22 ga Maris, 1969, motarsa Volkswagen ta kife da shi, ƙafafun nan da suka taka Roma suka shanye. Ya yi wata takwas a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Abin da ya yi bayan wannan, a ganina, ya fi Roma wuya, ko da yake ba a cika faɗarsa ba. A 1970 ya shiga gasar naƙasassu a wannan asibiti, yana harbin kibiya da ƙwallon tebur daga kan keken guragu. A 1971 aka gayyace shi Norwe kallo, ya ce shi ma zai shiga, ya kuwa ci tseren keken ƙanƙara wanda karnuka ke ja. Babu dutsen Aksum a wannan hanya, ba kuma wata daula da ke jiran saƙo. A nan ne kaɗai za a iya cewa Abebe ya yi takara don kansa. Ya rasu ran 25 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 41, Sarki da kansa ya halarci jana'izarsa.

Lokutan da ya kafa kuwa tuni aka wuce su. A 2023 Kelvin Kiptum na Kenya ya yi wannan tafiya a Chicago cikin awa 2 da sakan 35. Da tare suka tashi da Abeben Roma, da ya bar shi a baya da fiye da kilomita 4. A wannan shekara kuma wata 'yar Habasha, Tigst Assefa, ta yi awa 2 da minti 11 da sakan 53 a Berlin, ta wuce abin da Abebe ya yi a Tokyo, alhali a zamaninsa ba a ma yarda mata su shiga wannan tsere a Olamfik ba sai a 1984. Dutsen Aksum ma ya koma gida a 2005, aka sake kafa shi a 2008.

Tarihin Mamo Wolde ya fi ɗaci, ba kuma shi da sauƙin yanke hukunci. Ya ci tagulla a Munich a 1972 yana da shekara 40, ya zo Legas a watan Janairu na 1973 ya ci zinariya a wasannin ƙasashen Afirka. A 1974 sojoji suka tuɓe Haile Selassie, mulkin Derg ya kafu, aka shiga shekarun kashe-kashen da aka yi wa laƙabi da Jan Ta'addanci. Bayan faɗuwar wannan gwamnati a 1991, aka kama Mamo a 1993 bisa zargin yana da hannu a kisan wani saurayi a wancan zamani. Ya amsa cewa yana wurin, ya musanta cewa shi ya kashe. Ya shekara tara a tsare ana jan shari'a. Cikin waɗanda suka yi ta fafutukar a sake shi har da Kenny Moore na Amurka, mutumin da Mamo ya hana wa tagulla a Munich, don shi ya zo na huɗu. A farkon 2002 kotu ta same shi da laifi ta yanke masa shekara shida, aka sallame shi tun da ya riga ya yi fiye da haka. Ya rasu a watan Mayu na wannan shekara da ciwon hanta, aka binne shi a maƙabartar da aka binne Abebe. Masu son wasa suna ganin an zalunci gwarzo. Iyayen yaron da aka kashe kuwa ba lambar zinariya suka zo nema kotu ba. Agogon Meziko ya auna ƙafafun Mamo daidai, iyakar abin da zai iya aunawa ke nan.

Akhwari ya koma gona a Mbulu. A 1983 Tanzaniya ta ba shi lambar girmamawa ta gwarzon ƙasa, a 2008 kuma ya riƙe wutar Olamfik a Dar es Salaam a kan hanyarta ta zuwa Beijing, shekara 40 bayan ya zo na ƙarshe. A yau manyan birane, har da Legas tun daga 2016, suna shirya wannan tsere ga kowa da kowa, dubban mutane su fito, mafi yawansu sun san ba za su ko hango ƙeyar na gaba ba, a kuma rataya wa duk wanda ya kai lamba a wuya. Waɗannan ba wanda ya aike su. Ko wannan ci gaba ne ko kuwa kasuwa ce ta gano sabon abin sayarwa, na bar wa zauren muhawara na ƙungiya.

Saura Kimihara. Ya sake zuwa Olamfik a Munich ya zo na biyar, ya yi ritaya daga takara amma bai bar gudu ba, kuma ya daɗe yana zuwa Sukagawa, garin su Tsuburaya, yana shiga tseren da ake yi don tunawa da shi, yana ziyartar kabarinsa. Tun a 1966 ya taɓa cin tseren birnin Boston. Masu shirya wannan tsere suka gayyace shi a 2016 don cikar shekara 50 da wannan nasara. Ya zo yana da shekara 75, ya shiga cikin ayarin talakawan gudu, ya gama cikin awa 4 da minti 53.